Kaset ɗin da Na Kai Gbalahi

A watan Janairun 2001, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla, mahaifina ya aike ni Gana in gaishe da yayarsa, wadda aure ya kai Tamale tun ba a haife ni ba. Tsarabar da ya haɗa mata irin ta kullum ce: turmin atamfa biyu, kilishi, turaren wuta da carbi. Ni kuma, da karambanin ƙuruciya, na biya ta Bata na ƙara da kaset uku na finafinan Hausa daga kuɗin guzurina, domin na sha jin cewa ba abin da ke faranta ran mutanen zango kamar su ji Hausar Kano tana fitowa daga akwatin talabijin. Biyu daga cikin kaset ɗin kowa ya san su a lokacin, Sangaya da Wasila. Na ukun kuwa sai da mai shagon ya waiga hagu da dama kafin ya zaro shi daga ƙarƙashin kanta, ya kuma tsawwala mini kuɗi a kansa. Sunansa Saliha?, haka nan da alamar tambaya a ƙarshe.

Abin da ya sa na tuno da wannan tafiya shi ne wata magana da nake yawan cin karo da ita duk lokacin da ake ba da tarihin fim ɗin Hausa. Za a ambaci sunan wani fim, sai a ce jama'a sun yi masa ca, ko masu kallo sun fusata, daga nan a wuce. Na daɗe ina tambayar kaina, su wane ne jama'ar nan? A wane zaure aka ji ta bakinsu? Hujjata ba ta wuce tsakar gida ɗaya a wani ƙauye da ke bakin Tamale ba. Amma a tsakar gidan nan na zauna da mutum kusan ashirin muka kalli fim ɗin da aka ce jama'a sun yi tir da shi, kuma abin da na ji daga bakinsu ya fi abin da aka rubuta faɗi nesa ba kusa ba.

Ga wanda bai riski zamanin ba, a 1999 aka fitar da Saliha? daga Kaduna, aikin Yakubu Lere ne. Labarin wata budurwa ce mai kamun kai, ba a ganinta sai cikin hijabi, irin wadda iyaye kan yi wa 'ya'yansu misali da ita. Sai bayan an ɗaura aure ta tare mijin ya gano ashe ta riga ta san namiji. Wannan ne ya tayar da ƙura. Wata ƙungiyar addini a Kaduna ta fitar da fatawar kisa a kan masu fim ɗin, ta nemi a janye shi daga kasuwa, bisa hujjar cewa an ci mutuncin hijabi da masu sa shi. A lura, a lokacin Kano ba ta da hukumar tace finafinai. Ta tarayya ce kawai, wadda aka kafa a 1993, kuma ba daga wajenta hukuncin ya fito ba. Wato tun gwamnati ba ta ɗauki almakashi ba, wasu daga cikin masu kallo sun riga sun yanke nasu hukuncin.

Fim ne na talaka, kamar sauran 'yan'uwansa na wancan zamani. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, tsarin bai canza sosai ba: kyamara ɗaya irin ta ɗaukar biki, gidan aro, motar aro, kiɗan fiyanon Yamaha. In an gama, ba kaset furodusa yake sayarwa ba. Kwali yake bugawa ya kai wa 'yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai, su saya, su yi ta gurza kaset ɗin da kansu suna zurawa a ciki. Ribarsa tana ga yawan kwalin da ya shige kafin masu satar fasaha su farga. Wanda ke cikin irin wannan hali dole ya nemi labarin da zai sa a yi surutu, kuma ba na shakkar cewa wanda ya liƙa wa sunan Saliha alamar tambaya ya san inda yake taɓawa. Ni kaina shaida ne, tunda surutun ne ya sa na saya.

Amma don a gane abin da ya sa fim mai arha haka ya firgita manya, sai an koma baya an dubi wanda yake kallo. Silima ta zo Kano a matsayin abin bayan ganuwa. Rex, wadda aka buɗe a 1937, a wajen birni take, kuma a idon mutanen gari gidan kallo matattarar 'yan iska ce da karuwai. Ranar 13 ga Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya ta ci mutum 331, mutane da yawa suka ɗauke ta azabar Allah ce ta sauka kan masu kallon hotuna. Da aka buɗe Palace a cikin birni, wajen Jakara, sai da aka sha rigima, har da jifan masu shiga. Matar aure ta gidan mutunci ba ta taka ƙafa can. Aka yi shekaru aru-aru ana nuna rawa da soyayya da harbe-harbe, na Indiya da na Amurka da na Sin, ana ƙorafi ana kuma kallo, domin maza ne masu kallon, baƙi ne kuma masu aikatawa. Kaset ya rushe katangun nan biyu lokaci guda. Ya tsallake zaure ya shiga ɗakin matar da ke kulle, kuma waɗanda ke cikinsa 'ya'yan Hausawa ne masu suna irin na 'ya'yanmu. Mata da 'yan mata suka zama su ne kasuwar. Su ke aiken yara shagon haya, su ke yin karo-karo a sayo sabon fitowa. Sai dai idan aka zo faɗin ra'ayi, a kan mumbari ne, ko a rediyo, ko a mujallu irin su Tauraruwa da Fim da suka fara fitowa a 1998 da 1999, muryar da ta fi tashi ta maza ce. Abin da matan suka ce, a tsakar gida suka faɗe shi, iska ta kwashe.

To, mu koma Gana. Na bi ta Maraɗi da Yamai da Wagadugu, na shiga ta Paga, na iske ƙasar tana cikin hidimar sabon shugaba, John Kufuor, da aka rantsar a makon. Tamale garin Dagombawa ne, amma Bahaushe ba baƙo ba ne a can. Kakanninmu fataken goro sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, ta Borgu da Sansanne Mango da Yendi zuwa Salaga, kuma da yaƙin basasar Salaga ya watsa kasuwar a 1892 sai suka bazu a zangunan ƙasar. Turawa suka mayar da Tamale hedikwatar lardunan Arewa a 1907, garin ya buɗe, har yau akwai unguwar da ake kira Hausa Zango. A can Gwaggo ta fara zama. Daga baya mijinta, Badagombe ne mai sayar da hatsi a kasuwar Aboabo, ya koma da iyalinsa gidansu na gado a Gbalahi, ƙauyen da mutanen Tamale suka fi sani yanzu da filin da ake jibge sharar birnin. Ni abin da na gani a lokacin gonaki ne da itatuwan kaɗanya, da ɗakunan jinka kewaye da tsakar gida mai daɓe.

Kada wani ya zaci can ƙasar sakaci da addini ce. Tamale garin Afa Ajura ne, malamin da ya kafa makarantar Anbariyya, ya yi shekaru yana wa'azin sunna yana fafatawa da malaman ɗariƙa tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978, kuma yana raye lokacin da na je. Afa a bakinsu shi ne malam. A wajen kallo ma ba su ne baya ba. Sun ƙoshi da finafinan Indiya a silimun Rivoli da Victory, kuma suna da nasu finafinan na kaset cikin harshen Dagbani.

Gidan ba wutar lantarki. Aka aro janareta da bidiyo, aka kife turmi a tsakar gida aka ɗora akwatin a kai. Sangaya muka fara kallo a daren farko, aka tashi lafiya, yara suna ta kwaikwayon rawa. A dare na biyu, bayan isha'i, ana ɗan sanyin hunturu, na zura Saliha? ban ce wa kowa komai a kansa ba. Mata na gaba a kan tabarmi, Gwaggo da uwargidanta, wadda duk gidan ke kira Mma, da surukansu da maƙwabta. Alhaji mai gidan yana kishingiɗe a kujerarsa. Samari suna tsaye a baya. Can gefe kuma wani ɗan ƙanen Alhaji, saurayi mai karatu da ke jan salla a masallacin unguwar, shi ma Afa ake ce masa.

Ra'ayin farko da na ji a kan aikin ne. Alhaji ya ce mutanen Kano da Kaduna suna da kuɗi amma sun kasa sayen abin ɗaukar magana, ga iska tana busawa a bakin mutum kamar yana kan babur. Ya ce Indiyawa ko ƙarya za su yi maka sai sun wanke ta. Matan ba su kula shi ba. Tuni suka karɓi yarinyar kamar 'yarsu. Gwaggo tana fassara wa waɗanda ba sa jin Hausa sosai, tana ƙarawa da nata gishirin, duk lokacin da yarinyar ta fito sai ta ce Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Na tuna na sunkuyar da kai, don na san abin da ke tafe.

Da asirin ya tonu, tsakar gidan ta yi tsit, sai ƙarar janareta. Afa ne ya fara miƙewa. Ya ce, "Baba, a kashe abin nan." Bai ɗaga murya ba, kuma zan yi masa adalci, domin maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce yana da ƙanne biyu a makarantar sakandare a cikin gari, da ƙyar aka shawo kansu suka fara sa hijabi, kullum cikin gori suke, ana ce musu matan Larabawa. Ya ce gobe in fim ɗin nan ya zaga unguwa, duk yarinyar da ta rufe jikinta ta zo wucewa, samari za su bi ta da kiran Saliha. Ya kawo hadisin rufa wa Musulmi asiri, ya ce ko da labarin ya taɓa faruwa, ba kowace gaskiya ake shanyawa a kasuwa ba. Yana cikin magana wani daga cikin samarin baya ya ce ai dama duk haka suke, sauran suka fashe da dariya. Afa ya nuna su da hannu, ya ce, "Kun ji ko?" Wallahi a wannan lokacin na ji kunyar kaina da na kawo kaset ɗin.

Ya kamata matasan yanzu su san cewa hijabin da suka taso suka gani ko'ina bai daɗe ba. Iyayenmu da mayafi da lulluɓin zane suka saba. Daga ƙarshen shekarun 1970 ne ya fara yaɗuwa ta hanyar makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi, kuma waɗanda suka fara sa shi sun sha baƙar magana, wani lokaci daga cikin gidajensu. Wanda ya ga wannan gwagwarmaya da idonsa, in ya ga an ɗauko hijabin an yi tallan fim da shi, dole ransa ya sosu. Fatawar kisa dai ba ta da wani uzuri a wajena, amma ciwon da ke ƙarƙashinta na gaske ne.

Alhaji ya gyara zama ya ce shi bai ga ƙarya a labarin ba, tun suna samari ake yi. Damuwarsa mijin ne. Ya ce in shi ne, ko ya haƙura ya zauna da matarsa, ko ya sallame ta bayan 'yan watanni da wani dalili daban, amma maganar daren farko ba ta fita daga ɗaki, domin ba mutum biyu za ta kashe ba, gida biyu za ta kashe. Wato shi ma rufin asiri yake so, sai dai ba don hijabi ba, don zumunci.

Sai Mma ta yi magana. Hausarta ta zango ce, irin wadda ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne, kowa "ya yi" ne. Ta ce, "Shi ya yi laifi." Na ɗauka yarinyar take nufi, na ce, "Mma, Salihar?" Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ta ce, "Yarinya shi kaɗai zai yi? Wanda ya yi da shi, ina yake? Shi ma ya sa farin riga ya tafi masallaci, ba wanda ya sa masa tambaya."

Ban taɓa jin wani ya karanta alamar tambayar nan haka ba. A Kaduna an yi faɗa a kan me ya sa aka sa ta. Ita Mma cewa take an sa ta a kan suna ɗaya alhali mutum biyu suka yi aikin.

Gwaggo ta karɓe. A unguwar ita ce alwanka, ita ke wankan amare, kuma ta karɓi haihuwa ba adadi. Ta ce, "Afa, kai mayafin ya dame ka, mu wadda ke cikin mayafin ce ta dame mu. Wa ya fara taɓa ta? Tana shekara nawa? A gidan wa?" Ta ce a shekarunta na wankan amare ta ga uwar da ta durƙusa mata tana kuka a daren kai amarya, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kuma in ka bi diddigi, sau da yawa ba daga waje ɓarawon ya hauro ba. Yana cikin gidan, ana zuba masa tuwo, ana ce wa yarinyar ta gaishe shi. In ta faɗa a ce ta rufe baki kada ta raba zumunci. In ta yi shiru, ranar aure ita kaɗai za ta amsa. Ta juya ga mijinta ta ce, "Alhaji, irin rufin asirin da kuke so ke nan. Shi ake rufa wa, ba ita ba." Alhaji bai tanka ba. Ya ce a ƙaro masa ruwa.

Akwai wata ƙaramar amarya, matar ɗan Mma, da ba ta ce uffan ba tun da aka fara. Ta raɗa wa Gwaggo wata magana da Dagbani, Gwaggo ta yi murmushi ta faɗa da ƙarfi cikin Hausa. Yarinyar cewa ta yi, to in ma ba tilasta mata aka yi ba fa? In son shi ta yi, ta yi kuskure, daga baya ta tuba ta ɗauki hijabin da gaske, shin Allah ba ya karɓar tubarta sai miji ya sa hannu? Kowa ya dubi Afa. Ya yi jim, ya ce tuba karɓaɓɓiya ce, wannan ba saɓani a cikinsa. Ya koma ya zauna. Bai janye maganarsa ta farko ba, su ma ba su janye tasu ba. Fim yana can yana tafiya a kan turmi ba mai dubansa, har man janareta ya ƙare.

Dare na uku muka kalli Wasila. Daga hannun Yakubu Leren nan dai ya fito, a 2000, kuma labarin matar aure ce da ta ci amanar mijinta. In zunubi ake aunawa, nata ya fi na Saliha nauyi a shari'a. Amma ba wanda ya ce a kashe akwati. Afa ya zauna har ƙarshe yana tsaki, mata suka yi ta tsine mata suna tausayin Ali Nuhu, washegari yara suka tashi da waƙar a baki. A Nijeriya ma haka aka yi, fim ɗin ya yi kasuwa sosai. Na daɗe ina juya wannan a raina. Abin da na fahimta shi ne, ba zunubi muke ƙin gani ba. Macen da ta ci amana tana da gurbinta a labaranmu tun na kaka da kakanni, mun san yadda za mu ji game da ita, mu tsine mu tashi. Baba ta Karo, da Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta yi bayanin kwartanci da yadda ƙawaye ke kai saƙo ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba. Kisa da sata ma ba su dame mu ba. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, tun na shekarun 1930, labarin mai kuɗi ne da ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya rama da asiri, ɗan da aka haifa ya zama ɓarawo har ya kashe ubansa bai sani ba. A aji aka karantar da mu shi, aka yi mana jarrabawa a kai. Laifin Saliha? daban ne. Ya taɓa ma'aunin da muke auna 'ya'yan mutane da shi daga nesa, ya ce mana mai yiwuwa ba daidai yake ba. Kuma duk wanda ya bi tambayar zuwa ƙarshenta, kamar yadda tsofaffin nan biyu suka yi, ba a kan yarinyar zai tsaya ba, sai ya shigo cikin gida.

Mata marubuta sun riga 'yan fim isa wurin. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin Alhajin da ya auro karuwa ya kori uwar 'ya'yansa tara, kuma a can kan mai gida ne hasken ya sauka. Su ma littattafan nan mata ne suka fi karanta su, maza ne suka fi yin fatawa a kansu, har aka kai ga ƙona tarinsu a Kano a 2007.

Ina can Gbalahi ana wannan muhawara, a gida gwamnati ta riga ta shigo. A Disamban 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim ɗungurungum, a 2001 ta kafa hukumar tace finafinai, aka koma aiki bisa sharuɗɗa, ciki har da hana namiji da mace taɓa juna. Sauran tarihin sananne ne, ba sai na tsaya ba. A 2007 bidiyon waya na wata 'yar fim ya fita, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka tsayar da ɗaukar fim na watanni, aka ɗaure Adam A. Zango, a 2008 kuma Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama suka bi baya. Abin da ban manta ba shi ne, mutum biyu ne a bidiyon nan, amma sunan macen ne ya zama abin zagi a bakin yara a titi. Namijin da wuya yau ka sami mai tuna sunansa. Duk lokacin da maganar ta taso, sai in ji muryar Mma tana tambaya ina yake.

A Satumban 2021 hukumar ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim, don kada matasa su koya. Ba a yi wata huɗu ba aka sace Hanifa, 'yar shekara 5, a Kano, kuma wanda kotu ta samu da laifin kashe ta mai makarantarsu ne, mutumin da iyaye suka damƙa wa amanar 'ya'yansu. A daidai wannan tsakanin hukumar ta shiga neman Aminu Nasara saboda tallan fim ɗinsa Makaranta, tun ba a ga fim ɗin ba. Ba ina cewa duk abin da 'yan fim suka ɗauko alheri ba ne. Da yawa neman kasuwa ne tsagwaronsa, kuma dariyar samarin nan na bayan tsakar gida har yau ina jin ta a ƙarƙashin kowane bidiyo da ke yawo a waya. Afa ya hango su daidai. Abin da na ƙi yarda da shi kawai shi ne a riƙa rubuta cewa jama'a sun ce, alhali rabin jama'ar, rabin da suka fi kowa kallo, ba a tambaye su ba.

Na koma Gbalahi a 2016 ta'aziyyar Gwaggo. An kawo wuta, motocin shara suna ta wucewa, jikokin gidan kowace da wayarta tana kallon finafinan Kano da na Dagbani. Afa ya zama babban malami, furfura ta fito masa, muka gaisa ya tambaye ni mutanen gida. Da aka buɗe adakar Gwaggo za a raba kaya, a ƙasa can ƙarƙashin zannuwa aka ci karo da kaset ɗin. Sangaya da Wasila tuni maƙwabta suka ara ba su dawo da su ba, shi wannan ta ɓoye. Kwalin ya koɗe, sunan da ƙyar ake karanta shi, kuma duk ƙauyen ba mai bidiyon da zai kunna shi. Na nemi in taho da shi Kano. Mma, wadda a lokacin ba ta gani sosai, ta karɓa ta shafa shi, ta ce a'a, na gidan ne, ta tura shi ƙarƙashin matashinta.